Wai Keke Marwa ba mota ba ne a doka? Amsa ga ɗan uwan da aka buge ƙaninsa a Agege

Tambayar da ɗan uwanmu ya turo ita ce, ƙaninsa mai tura baro ne, Keke Marwa ya kwashe shi wajen Pen Cinema a Agege har ya samu karaya a cinya, yanzu mai keken da mutanensa sun zo suna cewa wai keke ba mota ba ne a wajen doka, inshora ta masu mota ce kawai, don haka a karɓi dubu hamsin na magani a rufe magana. Yana so ya sani ko gaskiya ne.

Malam, da farko Allah ya ba shi lafiya, ya sa kaffara ne. Amsarka kuma a gajarce, ba gaskiya ba ne, ko kaɗan. Ko dai su ma basu sani ba, ko kuma sun sani sarai suna so su yi amfani da rashin saninku. Ni lauya ne a nan Legas, kuma wannan magana ta "ai ba mota ba ne" na sha jinta a bakin masu keke da masu babur da masu tarakta, kuma abin da ke ci min rai shine yawanci a kan mutanenmu take aiki, masu baro, 'yan garuwa, 'yan dako na Mile 12 da Alaba Rago, mutanen da suke wuni a bakin titi kuma sun fi kowa shan bugu. Shi yasa zan ɗan tsawaita, ka yi haƙuri ka karanta har ƙarshe.

Doka ba ta ƙirga taya. Dokar da ta fara tilasta inshorar tad fati, wato inshorar da ke biyan wanda abin hawa ya buge, a Najeriya tun 1945 aka yi ta, zamanin Turawa, kuma ma'anar da ta bayar a fili take: duk abin hawan da ƙarfin inji ke tafiyar da shi, banda wanda aka ƙera don ya bi layin dogo, sannan don kar wani ya zo da gardama ta ƙara da cewa har da babur. Dokokin hanya kuma, irin wanda Rod Sefti ke aiki da shi da na jihar Legas, suna cewa abin hawa mai inji wanda aka yi shi ko aka gyara shi don hawa titi. To kaga abin da alƙali zai duba kenan, shin inji ke tura shi, shin ba na dogo ba ne, shin na hawa titi ne. Keke Marwa yana da inji, yana shan fetur ko gas, ba ya bin dogo, kuma ba shi da wani aiki a duniya sai yawo a titi yana ɗaukar fasinja. Idan babur mai taya biyu ya shiga ciki, ta ina mai taya uku zai fita?

Idan ma mai keken bai yarda da maganar lauya ba, to ga hujjar da ba zai iya musawa ba. Hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta fitar da sabon farashin inshorar tad fati da ya fara aiki 1 ga Janairu 2023. A ciki motar gida naira 15,000 ce a shekara, kuma tana biyan ɓarnar dukiya har miliyan 3. Manyan motocin ɗaukar kaya naira 100,000, iyakarsu miliyan 5. Babur naira 3,000, iyakarsa miliyan 1. Keke mai taya uku kuma naira 5,000, iyakarsa miliyan 2. Wato keken yana da layinsa na kansa a cikin jadawalin inshorar motoci. Kuma ka lura da kyau, wannan miliyan 2 ɗin iyakar ɓarnar dukiya ce, misali da ya daki motar wani ko ya rushe katanga ko ya murƙushe baron da kayan da ke kai. Rauni a jikin mutum da asarar rai ba su cikin wannan iyakar, lissafinsu daban ne, gwargwadon abin da aka tabbatar an yi wa mutum. A 2025 Shugaba Tinubu ya sa hannu a sabuwar dokar inshora da ta haɗe waccan tsohuwar ta 1945 da ta 2003 da wasu a wuri ɗaya, amma tilascin tad fati yana nan daram. Tun 1 ga Fabrairu 2025 ma 'yan sanda suka fara kamen masu yawo babu ita a duk faɗin ƙasa.

Tad fati ɗin nan, don wanda bai sani ba, mai abin hawa da kamfanin inshora su ne mutum biyun da suka ƙulla yarjejeniya, na ukun shine wanda aka buge. Ƙaninka kenan. An yi ta ne dominsa, ba domin mai keke ba. Shi direban in ya karye a haɗarin, wannan inshorar ba ta biyansa ko kwabo.

To me yasa ake ta wannan ja-in-ja a kan ma'anar abin hawa? Saboda ita ke nuna aljihun da kuɗi zai fito. In abin ya shiga ma'anar, dole ne ya kasance da inshora, kuma in kotu ta yanke hukunci kamfanin inshora ne zai biya. In bai shiga ba, to sai dai ka bi mutumin da kansa ko ubangidansa. Amma wannan ita ce maganar da nake so kowa ya riƙe, ko da abin da ya buge ka bai shiga ma'anar ba, haƙƙinka na diyya bai mutu ba. Asalin ƙarar ba a kan inshora take ba, a kan sakaci take, wato wani ya yi ganganci a inda ya kamata ya kula, gangancin nan ya jawo maka rauni. Mai keken hawa ko mai kurar ruwa ko mai amalanke, babu inji a abinsu, babu wanda ya tilasta musu tad fati, amma in mai kura ya sako ta daga gangara ta karya ƙafar yaro, za a iya kai shi ƙara kuma a ci shi. Matsalar kawai ita ce wa zai biya, shi ɗin da abin da yake samu a rana bai wuce na abinci ba.

Inda lauyoyi ke fafatawa da gaske ba a kan keke ba ne, a kan abubuwan da suke tsaka-tsaki ne, kuma tunda da yawa cikin masu karantawa suna aiki a Apapa da Tin Can da sito-sito na Ijora da Ikeja, bari in taɓo su.

Ɗauki foklif, injin nan mai ɗaga kaya. Inji ke tafiyar da shi, wannan babu musu. Amma an yi shi don titi? In yana cikin sito ko cikin fakitiri a bayan get, inda ba kowa ke shiga ba, kamfanin inshorar mota zai ce wannan ba huruminsa ba ne, ba titi ba ne, ba kuma abin hawan titi ba ne. In kuma kullum ana fito da shi ya tsallaka titi daga wannan sito zuwa wancan, ko yana sauke kwantena a gefen hanya inda jama'a ke wucewa, magana ta canza. Akwai wata tsohuwar shari'a ta Ingila, Burns da Currell ta 1963, wadda aka yi a kan 'yar ƙaramar motar wasa mai inji, a nan ne kotu ta kafa ma'aunin da har yau ake amfani da shi, cewa a tambaya shin mutum mai hankali in ya kalli abin zai ce ɗaya daga cikin amfaninsa shine hawa titi? Ba abin da mai shi ya ƙudurta a ransa ake dubawa ba. Hukuncin kotunan Ingila ba dole ba ne a kan alƙalanmu, amma suna saurarensa sosai saboda dokokin hanyarmu daga nasu aka kwaso kalmomin. Haka maganar take a kan katafila da tarakta da injin kwaɓa siminti mai tafiya da kansa. Katafilar da ke cikin filin gini daban, wadda ta fito tana rarrafe a kan hanyar Abeokuta da rana tsaka daban.

Kuma kar ka ɗauka mu kaɗai ke wannan rigimar. A ƙasar Sulobeniya da ke Turai wata tarakta tana ja da baya a cikin gona ta ture tsanin da wani mutum mai suna Vnuk yake kai, ya faɗo, kotunan ƙasar suka ce inshorar ta shafi tarakta ne in ana amfani da ita a matsayin abin hawa, ba a matsayin injin aiki ba. Sai da magana ta kai kotun Tarayyar Turai, a 2014 ta ce inshorar dole ta shafi duk amfani da abin hawa da ya dace da aikinsa na yau da kullum, ko a cikin gona ne. Ingila kuma bayan ta fice daga Tarayyar sai ta yi doka a 2022 ta cire kanta daga wannan hukuncin. Kaga ƙasa da ƙasa ma ba su daidaita ba. A ra'ayina matsayar kotun Turai ta fi kusa da adalci, don wanda tarakta ta taka a gona zafinsa ɗaya da wanda ta taka a kwalta.

A nan gida, wanda foklif ya taka a wurin aikinsa yana da wata ƙofar ma da ta fi kusa, Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010 wadda hukumar asusun inshorar ma'aikata, NSITF, ke gudanarwa. Ita ba ruwanta da ko abin mota ne ko ba mota ba, ba ta ma neman ka tabbatar da laifin wani, abin da take tambaya shine a bakin aiki abin ya faru? Har haɗarin hanyar zuwa aiki da dawowa gida ta haɗa. Wahalar ita ce mutanenmu da yawa 'yan aikin rana ne, babu takarda babu katin shaida, sai kamfani ya ce bai san su ba. Shi yasa ko hoton kanka a wurin aiki da alat na biyan kuɗi suna da amfani ranar da ba ka zata ba.

Babur mai caji, wanda yanzu ya fara yawa a hannun masu kai saƙo, wasu na cewa ba shi da inji tunda ba ya shan mai. Wannan ba hujja ba ce. Doka ba ta ce fetur ba, ƙarfin inji ta ce, kuma batir da injin lantarki mai juya taya ƙarfin inji ne. Wanda ake murɗa masa totur ya tashi da gudu ya ɗauki mutum biyu, babur ne. Inda za a iya jayayya shine keken hawa mai feda da aka sa wa ɗan ƙaramin batir yana taimakon ƙafa. Ingila ta ware irin wannan, in bai wuce wat 250 ba kuma taimakon yana yankewa a gudun kilomita 25 a awa, to keke ne kawai.

Motar da ta mutu ana turawa ko ana ja da igiya, ko tirelar da ta lalace aka bari a kan gada da daddare babu alama babu fitila, wani ya zo ya shige ƙarƙashinta, duk suna nan a matsayin abin hawa mai inji. Mutuwar inji ta yau ba ta fitar da mota daga ma'anar, sai dai in ta zama gwangwan da babu ran gyarawa. Bodin tirela shi kaɗai ba shi da inji, gaskiya ne, amma kan da ya jawo shi yana da mai shi kuma yana da inshora, shi ake bi.

Jirgin ƙasa kuwa a fili aka cire shi. Ku da kuke Agege layin dogo ya ratsa ta tsakiyarku, ga jirgin Ibadan ga kuma jirgin cikin gari na Red Line da ya fara aiki a 2024, don haka wannan ya shafe ku. Ka tuna haɗarin 9 ga Maris 2023 a mararrabar PWD ta Ikeja, inda jirgi ya yi karo da bas ɗin ma'aikatan gwamnatin Legas mutum 6 suka rasu. A haɗari ɗaya, bas ɗin yana cikin ma'anar, jirgin ba ya ciki. Wanda zai nemi haƙƙinsa a wajen hukumar jiragen ƙasa ta Najeriya ba maganar tad fati zai yi ba, dokar hukumar zai bi, kuma ita wa'adinta wata 12 ne, sannan sai an ba su sanarwa a rubuce wata 3 kafin a shigar da ƙara.

Sai maganar haramcin okada, don nasan wani zai tambaya. Tun 1 ga Yuni 2022 an hana okada gaba ɗaya a Ikeja, Surulere, Eti-Osa, Lagos Mainland, Lagos Island da Apapa, a Satumba aka ƙara Kosofe, Oshodi-Isolo, Shomolu da Mushin, ga kuma manyan hanyoyi da gadoji da dokar sufuri ta 2018 ta hana babur da keke hawa. Babur ɗin da ya karya wannan dokar bai daina zama abin hawa mai inji ba, kuma mai tafiya a ƙasa da ya buge bai rasa komai na haƙƙinsa ba, karya dokar ma ƙarin nauyi ne a kan direban. Fasinjan da ya hau a inda aka hana shi ne zai sha tambayoyi, don dokar ta haɗa har da shi.

Yanzu mu dawo kan ƙaninka, don ni abin da nake zargi daban ne. Mutumin da yake da inshora ta gaskiya ba ya ɓoye ta, shi ne ma zai fi kowa son kamfani ya biya a madadinsa. Wanda ya dage cewa inshora ba ta shafi keke ba, galibi ko dai ba shi da ita ko kuma takardar bogi ce da aka buga masa a gindin bishiya kusa da ofishin lasin. Ka ɗauki lambar keken ka duba a rumbun bayanan inshora na ƙasa, NIID, a intanet ko ka danna *565*11# a wayarka ka bi umarnin, zai nuna maka ko akwai inshora, wane kamfani ne, kuma yaushe za ta ƙare. In akwai, lauya ya rubuta wa kamfanin takarda tun yanzu, kuma in za a shiga kotu dole a sanar da su a rubuce a kan lokaci, don rashin sanarwa kaɗai yana iya sa kamfani ya zame ko da kun ci shari'a. In babu, to sai a bi direba da mai keken tare. Da yawa cikin keken Legas ba na masu tuƙa su ba ne, wani ne ya saya ya bayar ana kawo masa balans kullum ko ana biya sannu a hankali. Kotu tana fara ɗauka cewa direba aikin mai abin hawa yake yi, sai in shi mai abin ya kawo hujjar da ta nuna ba haka ba ne, don haka yarjejeniyar da ke tsakaninsu tana da muhimmanci, kuma sunan da ke kan takardun keken shine farkon abin nema. Dokar inshora ta kuma tanadi asusu don waɗanda abin hawa marar inshora ko direban da ya gudu ya kashe ko ya nakasa, lauyanku ya rubuta wa NAICOM a kan wannan, kar a bar ƙofar ba a ƙwanƙwasa ba.

Ka kuma shirya jin cewa ƙaninka ne ya shigo titi da baro. Za su faɗa, kullum suna faɗa. Ko da akwai gaskiya a ciki, a dokar Legas laifin wanda aka buge ba ya kashe ƙara, rage diyyar ake yi gwargwadon kason laifinsa.

Lokaci kuma yana tafiya. A Legas ƙarar rauni a jiki shekara 3 ce daga ranar haɗari, in ta wuce shikenan duk gaskiyarka. In abin hawan na hukumar gwamnati ne akwai dokar kare jami'an gwamnati da ke iya matse wa'adin ya koma wata 3 kacal. Shekara 3 tana yi wa mutum kamar da yawa, amma shaidun bakin titi ba sa jira, mai shayin da ya ga komai gobe ya koma Sakkwato noma.

Abin da ya fi kashe mana ƙara kuwa ba lauyan ɗaya ɓangaren ba ne, mu ne da kanmu. Mutum ya karye, a ranar a ɗauke shi sai wajen mai ɗori, ko a saka shi a motar shanu mai komawa a ce a kai shi gida. Ban raina masu ɗori ba, akwai waɗanda Allah ya ba su hannu, amma mai ɗori ba ya rubuta rahoton da kotu za ta karɓa, kuma karayar cinya ba abin wasa ba ce, tana iya barin mutum da ɗingishi har abada. Dan Allah ku kai shi asibiti a ɗauki hoton ƙashin, ga asibitin ƙashi na Igbobi ga asibitin koyarwa na LASUTH a Ikeja, likita ya rubuta abin da ya gani da kwanan wata. Ku ajiye kowane rasit, na magani, na hoto, na jini, na motar zuwa asibiti, har baron da ya lalace da kayan da ke kai, saboda kuɗin da aka kashe kotu ba ta ƙiyasta shi, sai wanda aka nuna da takarda. Banda wannan akwai diyyar zafi da wahala, da kuɗin da zai rasa na watannin da ba zai iya tura baro ba, da na gaba in ƙafar bata koma daidai ba. Mutumin da ƙafarsa ce jarinsa, ka auna wannan da dubu hamsin. Ku tabbatar an rubuta haɗarin a ofishin 'yan sanda, ku nemi rahoton da zanen wurin, ku ɗauki hoton keken da lambarsa da lambar da ƙungiyarsu ta rubuta a jikinsa, da lambar wayar mutum biyu ko uku da suka gani da ido. Kuma ku sani ko an gurfanar da direban a kan tuƙin ganganci, tarar da za a ci shi ta gwamnati ce, neman diyya hanya ce daban da ku za ku bi.

Nasan akwai dattawan da za su ce ƙaddara ce a bar wa Allah. Ƙaddara ce, babu mai musu. Amma Allah da kansa ya ambaci diyya a kan kisan kuskure a Suratun Nisa'i aya ta 92, kuma malaman fiƙihu sun yi babi guda a kan diyyar gaɓɓai da raunuka. Yafiya alheri ce in mai haƙƙi ya san haƙƙinsa ya yafe don kansa. Wanda aka ce masa ba shi da komai a doka ya haƙura, wannan ba yafewa ya yi ba, rufe masa ido aka yi. Kuma haƙƙin na ƙaninka ne, ba naka ba, ba na Sarkin Hausawa ba, shi ne zai ce ya yafe ko bai yafe ba.

Sulhu ba laifi ba ne, ni kaina na fi son a daidaita in za a yi adalci, don shari'a tana cin lokaci. In sun kawo kuɗin magani ku karɓa, a rubuta cewa wani ɓangare ne na kuɗin asibiti. Abin da ba za ku yi ba shine sa hannu ko dangwala yatsa a takardar da ta ce wannan shine biya na ƙarshe kuma kun janye duk wata ƙara, musamman in da Turanci aka rubuta kuma babu naku da ya karanta, tun kafin likita ya faɗi yadda ƙafar za ta kasance. In babu kuɗin lauya, ku je Ofishin Kare Jama'a na jihar Legas da ake kira OPD, ko Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta tarayya wadda dokarta ta 2011 ta haɗa da ƙarar haɗari, in kuma sulhun ake so a hukumance akwai cibiyar sasanta 'yan ƙasa ta gwamnatin jiha, kyauta ce. Ku tafi da lambar keken, rahoton likita, rasit ɗin da kuka tara da abin da NIID ya nuna muku.